Yadda Ake Canza Shokazoban Gaba Na A-Kori-Kura A Gida

'Yan uwa mazauna Agege, Idi-Araba, Sabo ta Ibadan, Shagamu, Onicha da Fatakwal. Daga Maiduguri nake wannan rubutu. Mahaifina fataken shanu ne a Kasuwar Shanu, ni kuma nake kula da a-kori-kurar gidanmu, wadda muke ɗaukar dusa da harawa da tumaki a cikinta. Na san da yawanku kuna da irin wannan mota, kuna jigilar albasa da tumatir daga Mile 12, ko raguna daga Kara da Akinyele. Canza shokazoban gaba aiki ne da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa cikin awa biyu zuwa uku. Sharaɗin kawai shi ne ya san irin gaban da motarsa take da shi, don akwai irin da noti ɗaya tak zai iya kai mutum asibiti.

Mene ne aikin shokazoba?

Mutane da yawa sun ɗauka shokazoba, ko shok kamar yadda kanikawa ke gajarta shi, shi ne ke ɗaukar nauyin mota. Ba shi ba ne. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Idan taya ta faɗa rami sifirin zai lotsa ya dawo, kuma in an bar shi haka zai yi ta tsalle kamar ƙwallo. Shok ne ke kashe wannan tsallen. A cikinsa akwai mai da sandar ƙarfe mai ɗauke da fistin, idan sandar ta motsa sai man ya kutsa ta wasu ƙananan ƙofofi da kyar, wannan turjiyar ce ke kwantar da motar. Shi ya sa in ka taɓa shi bayan tafiya a gargada za ka ji shi da zafi. Wasu kuma ana ƙara musu iskar gas don kada man ya yi kumfa.

Saboda haka in gaban motarka ya zauna ƙasa, sabon shok ba zai ɗaga shi ba, sifirin za ka duba. Amma in shok ya mutu, tayar ba ta zama daram a kan kwalta, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da kai, sitiyari ya riƙa yawo a hannunka. Mota mai lodi a baya, gabanta ya riga ya yi sauƙi, to ka ga in aka haɗa da mataccen shok a babbar hanya irin ta Legas zuwa Ibadan, maganar ta wuce ta jin daɗin zama, ta zama ta rai.

Alamomin ya mutu

Na farko, mai yana tsiyaya a jikinsa har ƙasa. Ɗan damshi a sama wanda ƙura ta manne masa ba komai ba ne, amma in ya jiƙe sharkaf ya gama aiki. Na biyu, ka danna gaban motar da ƙarfi ta gefe ɗaya ka saki. In ta dawo ta tsaya, da sauransa. In ta yi lilo sau biyu ko uku, ya mutu. Na uku, gaban yana dunƙurawa ƙasa idan ka taka birki. Na huɗu, tayoyin gaba suna cinyewa tudu da kwari, in ka shafa da hannu za ka ji. Na biyar, ƙara ƙwas-ƙwas a gargada, kodayake wannan sau da yawa robobin bushin ne suka cinye, shok ɗin da ransa. Ka duba su tukuna, don kuɗinsu bai kai ko kusa ba.

Kamfanonin da ke ƙera shi irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar a duba shi sosai idan ya kai kilomita 80,000. Wannan lissafin masu hanya mai kyau ne. Motar da ke bin hanyar Maiduguri zuwa Dikwa da Gamborun Ngala, ko take zuwa kasuwar Potiskum duk Laraba, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ba za ta jira wannan adadin ba.

Ka fara gane irin gabanka

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci. Ka juya sitiyari gefe ɗaya, ka leƙa bayan tayar da tocila.

Iri na farko, shok yana tsaye shi kaɗai, babu sifirin a jikinsa. Haka tsofaffin Toyota Hilux na kafin 2005 suke. Wasunsu sifirin mai falle-falle ne da su a gaba kamar na baya, wasu kuma doguwar sandar ƙarfe ce a kwance tana murɗawa, wadda kanikawa ke kira toshan-ba. Wannan irin ba shi da wahala, noti a sama, bolti a ƙasa, shi ke nan.

Iri na biyu, shok yana cikin murɗaɗɗen sifirin, an haɗa su wuri ɗaya da faranti a sama. Haka Hilux Vigo da ta fito wajen 2005 take, haka ma wadda ta biyo ta a 2015. Sifirin nan a matse yake da ƙarfin da ke ɗauke da injin mota, kuma notin tsakiya na saman farantin shi kaɗai ke riƙe da shi. Wanda ya kwance wannan noti ba tare da ya matse sifirin da na'urar matsewa ba, farantin zai tashi kamar harsashi.

Ita kuwa Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya yi ta harhaɗawa a Kaduna har zuwa 2006, shok da sifirinta a haɗe suke kuma su ne ke riƙe da ƙafar tayar gaba ɗaya. Shawarata a kai wa bakanike wannan.

Wajen saye

Biyu ake canzawa tare, hagu da dama, ko da ɗaya ne ya mutu. Sabo a gefe ɗaya da tsoho a ɗaya gefen yana sa mota ta karkata a birki da kwana. Ku da ke kudu kun fi mu kusa da kasuwa: Ladipo a Mushin, Agodi Gate a Ibadan, Nkpor kusa da Onicha, Ikoku a Fatakwal. Mu a nan sau da yawa sai an aiko mana daga Ƙofar Ruwa ta Kano.

Ka je da lambar shasi da shekarar motar, ka kuma faɗa wa mai shago ko mai jan taya biyu ce ko huɗu, don ba lalle su zo ɗaya ba. Jabu yana ko'ina, kwali mai kyau ba hujja ba ce. Ka duba ko an buga lamba a jikin ƙarfen, ba a takarda kawai ba. Ka tsayar da shi ka danna ka ja, ya kamata ka ji turjiya tun daga farko har ƙarshe, babu inda zai zurma. Mai gas in ka danna ka saki zai dawo da kansa a hankali. Na hannu, wato tokumbo ko ɗan Beljiyam, ya fi araha amma babu wanda ya san tafiyar da ya yi. Ka lura da wanda aka wanke aka fesa wa sabon fenti, da wanda sandarsa ke da tsatsa ko ƙarzuwa. Ka tabbata an ba ka sababbin robobi da washa.

Kayan aiki

Jak mai ƙarfi, ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, weji, wilsifana, sifanoni da soket masu lamba 12, 14, 17, 19 da 22, doguwar sandar ƙarfe, guduma, buroshin waya da man fesawa mai cin tsatsa irin WD-40. Notin tayar Hilux lamba 21 ne.

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada ka ɗora ta a kan bulon siminti, fashewa yake yi ba sallama. In ƙofar gidanka yashi ce kamar yawancin unguwanninmu na Yerwa, ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak da ƙafafun.

Tun daren jajibiri ka goge notukan da buroshi ka fesa musu mai. Ku na Legas da Fatakwal ruwan sama da iskar teku suna cin ƙasan motocinku fiye da namu. Mu ma tun ambaliyar dam ɗin Alau ta watan Satumban 2024, motocin da suka kwana cikin ruwa notukansu sun kama tsatsa sosai.

Yadda ake yi a iri na farko

1. Ka sauke duk lodi, ka tsayar da motar a wuri mai daidai, ka ja hambirki, ka sa giya, ka sa weji a tayoyin baya.

2. Ka sassauta notukan taya tun motar tana ƙasa. Sannan ka ɗaga, ka tokare shasi da ƙafar ƙarfe, ka cire tayar ka tura ta ƙarƙashin shasi don ko-ta-kwana.

3. Ka mayar da jak ƙarƙashin hannun ƙasa, wanda kanikawa ke kira lowa-am, ka ɗan ɗaga shi kaɗan don nauyi ya sauka daga kan boltin.

4. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, don ka tuna jerin washa da robobi.

5. Ka kwance notin sama. Sandar za ta so juyawa tare da shi, sai ka riƙe kanta da ƙaramar sifana. In ya ƙi, ka yanke notin da zarton ƙarfe. Kada ka kusanto da wutar walda, akwai mai da gas a ciki.

6. Ka cire boltin ƙasa, ka zare tsohon. Ka jera shi da sabon ka ga tsawonsu da kawunansu sun yi daidai.

7. Ka tsayar da sabon kansa a sama, ka danna ka ja sau huɗu ko biyar, don man da ya kwanta a shago ya koma mazauninsa. In mai gas ne da aka ɗaure da igiya, kada ka yanke ta sai ka sa boltin ƙasa.

8. Ka jera washa, roba, ka zura sandar ta ramin sama, sannan roba, washa, noti. Ka ɗaure har robar ta kumbura ta yi daidai da faɗin washa, ka tsaya nan. In ka matse ta ta baje, ba za ta daɗe ba. Kada ka kama sandar sabon shok da fulaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yaga robar da ke tare mai.

9. Boltin ƙasa ka ɗaure shi da hannu kawai tukuna. Sai ka mayar da taya, ka sauke motar ta zauna da nauyinta, sannan ka ɗaure shi tamau. Wannan shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa. In aka ɗaure shi tayar tana lilo a sama, da an sauke motar robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, ta tsage da wuri, ƙarar ta dawo, a ɗora wa mai shago laifi.

Sai ka koma ɗaya gefen. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan, don ka samu abin dubawa in ka rikice.

Yadda ake yi a iri na biyu

Matakin ɗagawa da tokarewa duk ɗaya ne. A sama za ka ga notuka uku a kewaye da ɗaya a tsakiya. Ukun nan su ne naka, na tsakiya ba ruwanka da shi. Ka kwance ɗan sandan sitabilaiza, ka cire boltin ƙasa, ka kwance notuka ukun, ka danna lowa-am ƙasa da doguwar sanda, ka zaro shok da sifirin a haɗe. Ka lura kada tiyon birki ko wayar ABS su miƙe, kuma a mai jan taya huɗu kada shaf ya zare daga mazauninsa.

Kafin a raba su, ka ja layi da fenti ko alli daga faranti zuwa idon ƙasa, don a haɗa sabon yana fuskantar inda tsohon yake. Daga nan ka ɗauki biyun ka kai gareji mai na'urar matse sifirin, a sauya maka, ka dawo ka ɗaura da kanka. Na ga ana ɗaure sifirin da waya ko igiya a wasu wurare. Kuɗin da za ka ba mai na'ura bai kai kuɗin ɗaurin karaya ba, balle ido. In kuma ka samu wanda aka sayar a haɗe da sifirinsa, ka huta da wannan matakin. Boltin ƙasa a nan ma sai mota ta zauna ake ɗaure shi.

Bayan an gama

Ka ɗaure notukan taya ɗaya ka tsallaka zuwa na ɗaura da shi, ba a jere ba. Ka zaga unguwa a hankali, gilashi a sauke, kana sauraro, ka gwada birki sau biyu ko uku kafin ka hau babban titi. A iri na biyu ka je a duba maka alaimen, musamman in an taɓa boljoyin, in ba haka ba sababbin tayoyi za su cinye ta gefe ɗaya. Bayan tafiyar kwana biyu ka sake bin duk notukan da sifana. Tsohon shok kuma a ba 'yan gwangwan, kada a jefa shi a wuta, kada yara su yi wasa da shi.

Abu na ƙarshe shi ne lodi. Hilux kayan kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, har da direba da yaran mota. Duk abin da aka ƙara a kan haka, sifirin da shok da taya ne ke biya. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nema.