Warin danshi a tufafi

Warin danshi wari ne da tufafi, zannuwan gado, barguna da labule ke yi idan sun daɗe a jiƙe, ko aka naɗe su aka ajiye ba su gama bushewa ba. Ba ruwan ne ke yin warin ba, ƙananan halittu ne da ke hayayyafa a cikin zaren tufa mai laima, wato fumfuna da ƙwayoyin bakteriya. Saboda haka turare ba ya kawar da shi, sai dai ya rufe shi na ɗan lokaci. A arewacin Najeriya an fi fama da shi a tsakiyar damina, musamman a garuruwan fadama irin na kwarin Kogin Hadejia a Jihar Jigawa.

## Abin da ke haddasa shi

Irin fumfuna yana yawo a iska a kowane lokaci, yana jiran laima da ɗumi da abinci. Auduga, gumi, man shafawa, ragowar sabulu da sitacin da ake sa wa shadda duk abinci ne a gare shi. Jinsunan da aka fi samu a gidaje sun haɗa da *Aspergillus*, *Penicillium* da *Cladosporium*. Tufa da ta kwana ɗaya zuwa biyu a jiƙe tana iya fara yin fumfuna, wadda daga baya take bayyana a matsayin ɗige-ɗige baƙi ko toka-toka.

Akwai kuma warin da ke fitowa daga kayan da aka riga aka wanke amma suka yi jinkirin bushewa. A shekarar 2012 masu bincike na kamfanin Kao da ke Japan sun wallafa cewa bakteriyar *Moraxella osloensis* ce kan gaba wajen haifar da shi. Tana jure bushewa, shi ya sa warin yakan dawo da zarar tufar ta sake jiƙewa da gumi ko yayyafi.

## A kwarin Hadejia

Kogin Hadejia ya samo asali daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Daga garin Hadejia zuwa Nguru ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kogin yakan rarrabu ya bazu cikin fadamu. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwan ke gudana, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyinsa da dama. Ambaliya ta shafi yankin a 2018, 2020 da 2022, ciki har da ƙananan hukumomin Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, inda mutane da yawa suka fake a makarantu da kayansu a jiƙe.

Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, watannin Agusta da Satumba lokaci ne na hadari da iska mai laima, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yakan taso kusa. Daɓen ɗaki da gindin katangar ƙasa sukan yi rima, akwati ko adakar da ke ajiye a ƙasa sai ta riƙa shan danshi ta ƙarƙashi. Kayan da suka fi lalacewa su ne waɗanda ba a cika buɗewa ba: kayan lefe, manyan riguna na sallah, leshi da barguna. Asarar ba ƙarama ba ce, domin tabon fumfuna a shadda ba kasafai yake fita ba, kuma idan ta daɗe takan ci zaren audugar har ya riƙa yagewa.

## Hanyoyin kawar da shi

Ana fara fitar da kayan waje a kakkaɓe su, ba cikin ɗaki ba, don kada irin fumfunar ya bazu. Daga nan matakan su ne:

1. Jiƙo da wanki. Ana jiƙa kayan da ruwan zafi da omo na kimanin rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan a wanke. Zafin da ya kai digiri 60 a ma'aunin Selshiyas yana kashe akasarin ƙwayoyin, amma kayan da ke zuba ko motsewa ruwan ɗumi ya ishe su. Barin jiƙo ya kwana yana ƙara warin.
2. Ɗauraya. Ana ɗauraye su har kumfa ta ƙare. Zuba ɗan ruwan khal ko ruwan lemon tsami a ɗaurayar ƙarshe yana taimakawa wajen cire ragowar sabulu. Idan ruwan kogi ne mai laka, ana sa masa alif a bari ya kwanta tukuna.
3. Farar tufa. Farar auduga tana ɗaukar bilic irin su Hypo ko Jik da aka sirka da ruwa. Ba a sa shi a atamfa, rinin baba, siliki ko ulu.
4. Shanya. Ana matse kayan sosai a shanya su nan take a igiya, a ware, ba ɗaya kan ɗaya ba. Hasken rana yana kashe ƙwayoyi, iska kuma ita ke ɗauke laimar. Masu launi ana juya su bai-bai. Ranar da babu rana, ana shanya a rumfa mai iska ko gaban fanka. Ana duba wuya, aljihu, ƙugun wando da wurin aiki kafin a kwashe, domin nan ne ƙarshen bushewa.
5. Guga. Dutsen guga, na lantarki ko na gawayi, yana ƙarasa busar da tufa. Ana barin ta ta huce kafin a ninke.

Kayan da ruwan ambaliya ya taɓa ana wanke su daban, domin ruwan yakan haɗu da na masai. Katifar soso da matashin da suka sha irin wannan ruwa da wuya su tsarkaka har ciki.

## Turare

Mata a Hadejia, kamar a Borno da Kano, suna turara kaya ta hanyar kifa kabbasa a kan kaskon turaren wuta su lulluɓa tufafi a kai. Wannan yana da amfani bayan wanki da bushewa. Idan aka turara ko aka fesa turare a tufa mai laima, ƙamshin yakan gauraya da warin, fumfunar kuma ta ci gaba da aikinta.

## Lafiya

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, atishawa da tashin asma. Haɗa bilic da khal ko lemon tsami yana fitar da iskar kulorin mai guba. Kafur da ake jefawa cikin akwati yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, ya jawo musu shawara mai tsanani, don haka likitoci ke hana sa shi a kayan jarirai. Shanya a ƙasa kuwa tana ba ƙudan *Cordylobia anthropophaga* damar yin ƙwai a tufa, tsutsarsa ta shiga fata ta zama kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan.

## Rigakafi

Ana ɗora akwatuna a kan benci ko bulo, nesa kaɗan da katanga, a riƙa buɗe tagogi idan rana ta fito. Ba a tara kayan gumi a ƙunshe a bokiti ko leda, ba a kuma ajiye kaya masu sitaci na tsawon damina. Da kaka, idan ruwa ya ɗauke iska ta bushe, ana fito da duk kayan ajiya a shanya su wuni guda kafin a mayar.