Bunƙasar Kamfani da Muryar Ƙananan Masu Hannun Jari: Darasi daga Simintin Sakkwato

Buhun simintin da ake saukewa a kasuwannin Batsari da Safana yana ɗauke da tarihin da ya shafi duk wanda ya taɓa sayen hannun jari, wato wani ɗan kaso na mallakar kamfani da ke ba mai shi haƙƙin riba da na jefa ƙuri'a. An kafa kamfanin simintin Sakkwato, CCNN, a 1962, ya fara aiki a 1967, ya shiga kasuwar hannun jari a 1993, sannan rukunin BUA na Abdussamad Rabi'u ya karɓi ragamarsa a 2010.

Bunƙasar da ta biyo baya ta zo ne ta hanyar haɗaka, domin a 2018 an haɗa shi da sabuwar masana'antar Kalambaina mai iya samar da tan miliyan 1.5 a shekara, daga baya kuma aka haɗa shi da ta Obu a Jihar Edo, har aka sa haɗaɗɗen kamfanin, mai suna BUA Cement, a kasuwar hannun jari a watan Janairun 2020. Da yake masana'antun biyu mallakar BUA ne, an biya su da sababbin hannayen jari, abin da ya sa kason mai rinjaye ya haura kashi 90 cikin ɗari. Wani malamin makaranta da ya yi ritaya a Safana, wanda ya adana takardar hannun jarinsa a ƙasan akwati, ya wayi gari da kamfani mai girma, amma ƙuri'arsa ba ta iya sauya komai a babban taron shekara.

Ba a musun cewa jari mai nauyi yana buƙatar jagora mai tsayayyen hannu, sai dai inda mai saye da mai sayarwa suka zama gida ɗaya, wajibi ne a sami idon da ba na gida ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta naɗa daraktoci masu zaman kansu, ta kuma ba masu hannun jari kujeru uku cikin biyar na kwamitin binciken kuɗi. Amfanin waɗannan kujeru ya rataya ne a kan ƙananan masu hannun jarin Arewa su haɗa kai, su zaɓi wakilan da suka iya karanta lissafi, kasancewar tsintsiya sai da ɗauri take shara.