Masana'antar Fijo ta Kaduna

A kudancin kogin Kaduna akwai unguwar Tirkaniya, kusa da Kakuri. Masana'antu ne suka raya wannan yanki. A 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, a 1975 kuma kamfanin Peugeot na Faransa ya fara harhaɗa motoci a can. Fijo 504 ta cika hanyoyin Nijeriya, ma'aikata suka cika unguwannin kewaye.

Amma fa harhaɗa mota daban, ƙera ta daban. Yawancin kayan daga Faransa ake kawo su, da fari ma ta jirgin sama zuwa Kano. A Turai, waɗansu ƙananan kayan inji da garin ƙarfe ake yin su. Sai a zuba garin cikin mazubi mai ƙwari, a danne, a gasa har ya haɗe, ba tare da ya narke ba. To, mai mazubi shi ke da sana'a.

Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan waje suka yi tsada, aiki ya ja baya, magidanta da yawa suka rasa hanyar abinci. A 2006 gwamnati ta sayar da yawancin hannun jarinta. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.