Yadda Aka Kori Tsando Daga Ƙasar Ancau

A da ciwon barci ya addabi mutanen ƙasar Ancau ta lardin Zazzau. Tsando ne ke kawo shi. Shi kuwa wannan ƙuda ba ya rayuwa sai inda akwai inuwa da danshi, watau cikin kurmin bakin rafi, daidai inda mutane su ke ɗiban ruwa.

Wajen shekarar 1937 Gwamnati ta soma aikin gyara. Aka sassare kurmin rafuka, rana da iskar hunturu suka busar da wurin, tsando ya rasa mafaka. Aka haƙa rijiyoyi, aka kafa sabon gari, aka sa masa suna Takalafiya.

Sa'an nan aka ɗora wa talakawa aikin sake share bakin rafukan kowace shekara, gama in inuwa ta komo, tsando ma zai komo.