Tafiyarmu Badagiri da yara: tun yaushe Bahaushe yake bakin teku?

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata magana da babban ɗana ya dawo da ita daga makaranta. Wai wani yaro ya ce masa su baƙi ne a Legas, su tattara su koma garinsu, alhali a Agege aka yanke masa cibiya, Kano kuwa sau uku kacal ya taɓa zuwa. Ban ba shi amsa ba a ranar. Da aka yi hutu sai na ɗebe su duka, da su da mahaifiyarsu, muka nufi Badagiri.

Daga Mile 2 hanya ɗaya ce, ta Okokomaiko da Agbara, wadda ke wucewa har iyakar Seme. Cunkoso dai sai haƙuri, ga shingayen bincike, ga autarmu tana tambaya ko mun kusa. Bayan Agbara ne muka fara ganin itatuwan kwakwa, iskar ma ta sauya.

Mun leƙa tsohon benen 'yan mishan da aka kammala a 1845, amma ba shi ya kawo ni ba. Gidan Seriki Abass na nufa, inda ake tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Ɗakuna ne ƙanana masu duhu, tagarsu ba ta fi a zura hannu ba. Shi kansa mai gidan Bayarabe ne da aka taɓa sayarwa, aka kai shi Barazil, ya dawo ya shiga wannan sana'a, ya rasu a 1919. Na ce wa yara su sake faɗin kalmar "Seriki" a hankali. Nan take suka gane Sarki ce, tamu ce.

Daga nan muka shiga kwalekwale muka haye zuwa tsibirin Gberefu. Tafiyar ƙasa ce cikin rairayi har bakin teku, a hanya kuma akwai rijiyar da masu jagora ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su mance gida. Uwargida ta gaji ta zauna a gindin kwakwa. Ni kuma a nan na fara ba su labari.

Daga 1804, da yaƙe-yaƙen jihadi suka barke a ƙasar Hausa, fursunonin yaƙi sun yi yawa. Wasu aka yi kudu da su ta ƙasar Oyo, hannu zuwa hannu, har tashoshin wannan gaɓa irin su Ikko da Badagiri da Wida. Mafi yawansu Bahiya aka kai su, a Barazil. Sun yi yawan da a 1807 hukumar can ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla, wasu tarzomomin kuma suka biyo baya. A babban boren Musulmi na watan Ramalan, Janairun 1835, Yarabawa ne suka fi yawa, amma da Hausawa a ciki, kuma an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Sai ɗan nawa ya ce, "Baba, to wa ya sayar da su?"

Gaskiya na so in ce Turawa in huta. Amma Bature a bakin ruwa ya tsaya da jirginsa. Waɗanda suka kama, suka ɗaure, suka miƙa, a cikinsu akwai namu, masu salla irin tamu. Na faɗa masa haka. Ya yi shiru yana tona rairayi da ƙafa.

Akwai wanda ya tafi ya dawo. A Disambar 1825 Bature Kilafaton ya tashi daga Badagiri zai tafi Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tafintansa wani Bahaushe ne, Abubakar, wanda suke kira Pasko. Bawa ne da jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato, ya zama ma'aikacin jirgi. Kilafaton ya mutu a can a Afrilun 1827, shi kuwa Abubakar ya sake gangarowa bakin teku tare da Landa, yaron maigidan. Ku duba fa, a ƙasa da kan doki aka yi wannan tafiyar, mu ko muna ƙorafin dogon zama a mota.

A 1863 kuma Gilobar, wanda ya mulki Legas, ya tara Hausawan da suka gudo daga bauta ya kafa ƙaramar runduna. Ita ce rundunar sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushenta. Ba na alfahari da duk aikin da aka sa su, domin da su aka je yaƙar Asante a 1873 zuwa 1874, da su kuma aka murƙushe wasu garuruwan. Fataken goro da 'yan tireda irin kakansu daga baya suka cika Agege, bayan jirgin ƙasa ya isa Kano.

A hanyar dawowa ƙananan duk barci ya kwashe su, da rairayi a kai da ɓawon kwakwa a ƙasan mota. Babban ne kawai idonsa biyu. Muna kusa da Mile 2 ya ce in maimaita masa shekarun, zai rubuta a bayan littafinsa kafin a koma makaranta. Na ce ya fara da 1807.