Gadau kafin jami'a

Yaran Azare da ke zuwa karatu Gadau sun ɗauka ilimin zamani ya shiga garin ne ranar da aka buɗe jami'ar jiha a 2011, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur. Ni na taso ina jin wani labarin dabam a bakin tsofaffinmu, labarin Turawan tsando.

Ba a daɗe da mayar da fadar Katagum Azare a 1916 ba, gwamnatin mulkin mallaka ta turo masu bincike ƙasar Katagum saboda ciwon barci. Llewellyn Lloyd da likita W. B. Johnson suka kafa sansani a Sherifuri cikin shekarun 1920, daga baya aikin ya koma Gadau. Abin da ya kawo su shi ne kurmin bakin kogunanmu, inda tsando ke fakewa yana jiran mai wanki da masunci da makiyayi. A wajen dabbobi sammore yake sawa, a wajen mutum kuwa ciwon barci.

Ciwon barci cutar ƙwaƙwalwa ce, ko da yake ba da ita take farawa ba. Ƙwayar cutar takan zauna cikin jini tukuna, ta kawo zazzaɓi da kaluluwa a bayan wuya. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, sai ta ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Daga nan mutum ya dinga gyangyaɗi da rana tsaka, da dare ido biyu, halinsa ya sauya, mai haƙuri ya koma mafaɗaci, hannu ya kama rawa. Kakata takan ce a ƙauyensu irin wannan sai dai a ce iska ce ta taɓa shi, a nemo masu bori ko a yi ta ba shi rubutu. Ban ga laifinsu ba. Wanda bai taɓa leƙa madubin likita ba, ina zai haɗa cizon ƙuda na bara da taɓuwar hankalin bana?

A wancan zamanin ma'aikatan lafiya kan tara gari guda a ƙofar dagaci, su bi layi suna lalube wuya. Wanda aka ji wa kaluluwa a tsikare ta a duba ruwan. Hanyar sanin ko cutar ta kai ƙwaƙwalwa ita ce a ɗebi ruwan laka ta gadon baya, abin da har gobe majinyata ke tsoro. Maganin da ke iya kaiwa can a lokacin, tryparsamide, da gubar arsenik aka haɗa shi, kuma yakan lalata jijiyar ido har wasu su makance.

A Gadau ne T. A. M. Nash ya shafe shekaru daga 1933 yana nazarin yadda zafi da bushewar iska ke kashe tsando, ilimin da ya ɗauka ya tafi da shi shirin Anchau a ƙasar Zazzau, inda aka gina sabon garin Takalafiya. Sunansa na nan cikin mujallun kimiyya. Samarin da suka riƙa shiga kurmi da ƴar raga suna kamo ƙudajen, suna ƙirga su, suna rarrabe namiji da mace, ƴan ƙasar nan ne, kuma a kan ƙirgarsu aka gina rahotannin. A ganina, da a ce zamanin ya ba su makaranta, cikinsu akwai waɗanda za su kai digirin digirgir. Daga ƙarshe cibiyar binciken cutar ta kafu a Kaduna da Vom, Gadau ta koma shiru.

Binciken ƙwaƙwalwa a hannun ƴan Najeriya a kudu ya fara tsiro: Lambo a Aro, Odeku da Osuntokun a Ibadan. Arewa ta jima tana jira. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe, sai da ya je Jami'ar Sussex a Ingila kafin ya yi digirinsa na uku kan cutar Alzheimer, sannan ya jagoranci kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021. A wannan shekarar kuma aka amince da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare.

Ɗalibai kan tambaye ni ko za a iya yin irin wannan digiri daga nan. Nakan ce majinyatan da za a yi nazari muna da su, masu farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da mantuwar tsufa. Abin da ake nema shi ne malamin da zai duba aikin shekara uku ko huɗu, da firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ba tare da wuta ta ɗauke ba, da kuɗin sinadarai. A yanzu wanda ya matsu, motar Potiskum zai hau ya zarce Damaturu, inda cibiyar BioRTC take.