Sunan wa za a sa a kan waƙar? Freddie Mercury da ƙungiyar Queen

Wannan makon mun leƙa Ingila, wajen mawaƙan rok, domin rigimar da ta daɗe tana cin ƙungiyar Queen duk wanda ya taɓa rubutun haɗin gwiwa ya san irinta.

A Zanzibar aka haifi Farrokh Bulsara a 1946. Ya yi makaranta a Indiya, sannan juyin juya halin 1964 ya kori iyalinsu zuwa Ingila. A 1970 ya haɗu da Brian May da Roger Taylor a Landan suka kafa Queen, ya koma Freddie Mercury, John Deacon kuma ya shigo a 1971. Dukansu huɗun suna rubuta waƙa, kowannensu kuma ya yi wadda ta karaɗe duniya. Albarka ce, amma daga nan matsalar ta taso.

Tun farko tsarinsu shi ne wanda ya kawo baitoci shi ke da waƙa, sunansa ake sawa, shi ke karɓar kason marubuci, ko da sauran sun kwana suna gina mata kiɗa. Mu duba abin da ya faru a 1975. Freddie ya rubuta "Bohemian Rhapsody", waƙa mai kusan minti 6, ta yi mako 9 tana ta ɗaya a Birtaniya. To, faifan garmaho fuska biyu gare shi, kuma a bayan wannan faifan waƙar Roger Taylor ce a kan mota. Duk wanda ya sayi faifan ya sayi biyun, don haka kason Roger ya zo daidai da na Freddie, alhali kowa ya san wadda mutane suka je saye. Wannan magana ta yi shekaru tana tashi a tsakaninsu. A ganinmu laifin na tsarin ne, domin ya sa kowa na yaƙin cusa waƙarsa a kundi, ko ta fi ta ɗan uwansa ko ba ta fi ba.

Shi Freddie ba ya kambama rubutunsa. Ya sha kwatanta waƙoƙinsa da kayan da ake amfani da su a yar, ya ce "Crazy Little Thing Called Love" cikin kamar minti 10 ya tsara ta yana wanka a Munich. Har ya mutu bai yarda ya fassara ma'anar "Bohemian Rhapsody" ba, ya bar wa mai sauraro. Kada dai wannan ya ruɗe mu: mutumin da ya kwashe makonni yana jera murya a kan murya a situdiyo ba ɗan wasa ba ne. Haka nan ya ƙi a kira shi shugaban ƙungiya, ya ce shi mai jan baki ne kawai.

Yawon wasa ya ɗaga su, ya kuma ja musu zagi. A 1984 sun yi wasa a Sun City lokacin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta ci su tara. Ranar 13 ga Yuli 1985 suka wanke kansu a idon mutane da yawa a taron Live Aid na filin Wembley, cikin kimanin minti 20. Wasansu na ƙarshe da Freddie shi ne na Knebworth, 9 ga Agusta 1986. Daga baya ya ce yana so su fita daga zagayen kundi, yawo, kundi, yawo. Ciwon da ke cinsa bai bayyana wa duniya ba tukuna.

Sai a kundin The Miracle na 1989 suka yanke shawarar sa sunan Queen a kan waƙoƙin, a raba kuɗi daidai. Brian May ya ce da ma tun farko suka yi haka. A bangon kundin an narkar da fuskokinsu huɗu sun zama ɗaya. Da wannan tsari suka yi Innuendo, wanda ya fito a farkon 1991, Freddie na zuwa situdiyo duk ranar da jiki ya yarda. Ya sanar cewa yana ɗauke da cutar kanjamau ranar 23 ga Nuwamba 1991, washegari ya mutu yana da shekara 45.